YADDA MUKA ZIYARCI BIRNIN HAMBURG DA ƊAN GUZURI

Tun da muka dawo daga ƙasar Jamus a ƙarshen dogon hutun 2025, tambaya ɗaya ce ɗalibai da malamai da 'yan'uwa a ikilisiya suke ta yi mana: "Nawa kuka kashe?" Waɗansu suna tsammani gona muka sayar. Waɗansu kuwa sun ɗauka wani Bature ne ya ɗauki nauyinmu tun daga ƙofar gida har dawowa. Ba ko ɗaya daga ciki. Mu biyu ne, miji da mata, masu cin albashi kamar kowa. Shekara uku muka yi muna zuba adashi, muka haɗa da kuɗin awakin da uwargida ta yi kiwo, kafin abin ya kai.

Saboda haka da kwamitin wannan littafin shekara ya nemi mu rubuta wani abu, muka ga ya fi kyau mu bayyana yadda ake yin irin wannan tafiya da ƙaramin aljihu. Abin da muka koya shi ne, arahar tafiya tun daga gida ake shirya ta. Wanda ya san abin da ya kai shi, ya yi lissafi kafin ya tashi, zai ga birni sosai ya kuma dawo ba bashi a wuyansa.

ME YA SA HAMBURG?

Akwai wata tsohuwar dangantaka tsakanin Hamburg da wannan yanki namu wadda yawancinmu ba mu sani ba. A Hamburg aka haifi Heinrich Barth a 1821, matafiyin nan da mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus a 1850, ya ƙetare Sahara ta Agadas, ya shiga Kano cikin Fabrairun 1851. A watan Maris na 1853, a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya bi ta Zurmi da Badarawa, sa'an nan ya ratsa dajin Gundumi. Abin da ya gani ya rubuta shi cikin littattafai biyar da suka fito a 1857 da 1858, har yau kuma masu binciken tarihin Zamfara suna komawa gare su.

A cikin ayarinsa akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram. An kama shi bawa aka kai shi Borno, inda abokin tafiyar Barth, wato Adolf Overweg, wanda shi ma ɗan Hamburg ne, ya 'yanta shi. Dorugu da abokinsa Abbega sun bi Barth har Tambutu, suka dawo, suka ƙetare hamada. A 1855 suka isa Landan, daga can suka wuce Hamburg, gidan iyayen Barth. Daga baya Dorugu ya zauna a Ingila wurin James Frederick Schön, wani mai bishara Bajamushe da yake nazarin Hausa, ya ba shi labarin rayuwarsa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912. Watau yaron da ya taka ƙasar Zurmi ya riga mu ganin Hamburg da shekara 170.

Shi kansa Barth ba matafiyi mai kuɗi ba ne. Sa'ad da ya shiga Kano bashi ne a kansa, ba wuri a hannunsa, sai 'yan hajar da yake fatan sayarwa. Wannan ya ƙarfafa mana gwiwa. Muka yi niyya mu je mu ga garin mutumin da ya zo ya ga namu. Dalili na biyu kuwa, wata tsohuwar ɗalibar makarantar nan tana aikin jinya a can, ita ce ta aiko mana da gayyata.

Hamburg shi ne birni na biyu a girma a Jamus bayan Berlin, mutanensa sun kusa miliyan 2. Yana bakin kogin Elbe, kimanin kilomita 100 daga teku, shi ne kuma babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar. Birnin shi kaɗai jiha ce, ɗaya daga cikin jihohi 16 na Jamus.

KUƊIN DA AKE KASHEWA KAFIN A BAR GIDA

Sai mu lura da wannan da kyau, gama nan ne mutane suka fi yin kuskure. Da muka tattara lissafinmu a ƙarshe, muka ga kusan kashi uku cikin huɗu na dukan kuɗin mun kashe su ne tun ƙafarmu ba ta taɓa Jamus ba.

Na farko fasfo. Dole ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da mutum zai baro Turai. Na biyu biza. Jamus tana cikin ƙasashen da ake kira na Schengen, waɗanda biza ɗaya take shigar da mutum dukansu, har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga kowane baligi. A lokacin tafiyarmu yuro ɗaya ta haura naira 1,700, watau bizar mutum ɗaya ta wuce naira 150,000, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. In an hana mutum, ba a mayar masa da ko kwabo. Hanawar kuma ba abin mamaki ba ce: a 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya da suka nemi wannan biza ba su samu ba.

Abin da ofishin jakadanci yake so ya tabbatar abu biyu ne: za ka iya ciyar da kanka, kuma za ka dawo. Don haka ake neman takardar wurin aiki da izinin hutu, da bayanin asusun banki na 'yan watanni, da takardar aure, da shaidar masauki, da inshorar lafiya wadda za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000 in ciwo ya tashi. Mai gayyata yana iya zuwa ofishin hukuma a can ya sa hannu a takardar alkawarin ɗaukar nauyin baƙonsa, wannan yana taimakawa ƙwarai. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Mu sai da muka je Legas aka ɗauki hoton yatsunmu, kuɗin mota da na kwana kuma duk suna cikin lissafi.

Ana cikin haka wani dillali ya same mu, ya ce in muka biya shi zai "gyara" mana takardar banki ta nuna miliyoyi. Muka ƙi. Takardar ƙarya in an gane ta, ba wannan tafiyar kaɗai take ɓatawa ba, har da na gaba. Gara ɗan abin da kake da shi na gaskiya, wanda ya yi daidai da kwanakin da ka nema.

Na uku tikitin jirgi, shi ne ya fi kowane tsada. Jirgin da yake yada zango a wata ƙasa, kamar Turkiyya ko Masar ko Habasha, yawanci ya fi mai tafiya kai tsaye sauƙi. Tashi a tsakiyar mako ma yakan fi ƙarshen mako sauƙi. Amma kada a biya kuɗin tikiti dungum sai biza ta fito. Na huɗu kuwa hanyarmu ta gida. Kowa ya san halin da hanyoyin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura suke ciki a shekarun nan. Daga Birnin Tsaba zuwa Ƙaura Namoda, zuwa Gusau, har Abuja, da rana muka yi tafiya, muka ware kwana biyu da kuɗin masauki don kada sauri ya sa mu bin hanya da dare.

MASAUKI

Mai gayyatarmu ɗaki ɗaya gare ta da ɗan madafi, gama haya a Hamburg tana da tsada ainun. Ta bar mana ɗakin kwana uku, ta koma wurin ƙawarta. Ta so mu ƙara, muka ce a'a. Baƙo raɓa ne. Mutanenmu da suke Turai aiki suke yi dare da rana, bai kamata mai ziyara ya zama musu kaya ba.

Sauran kwana bakwai muka yi su a masaukin matasa, wanda Jamusawa suke kira Jugendherberge. Malamai za su ji daɗin sanin cewa wani malamin makaranta ne, Richard Schirrmann, ya fito da wannan dabara a 1909, don ɗalibansa su sami wurin kwana mai araha in sun fita yawon buɗe ido. Ko da yake sunan na matasa ne, ba a hana manya. Ana yankar katin zama ɗan ƙungiya, ana kuma ba da karin kumallo cikin kuɗin ɗaki. Akwai ɗakunan mutum shida ko takwas masu gado a kan gado, akwai kuma 'yan kaɗan na mutum biyu. Ma'aurata su nemi irin waɗannan tun watanni kafin tafiya, domin a lokacin zafi nan da nan suke cika. Wanda muka sauka yana kan wani tudu da ake kira Stintfang, daga tagar ɗakin cin abinci muna kallon manyan jiragen ruwa suna wucewa.

Wanda bai sami wuri a tsakiyar gari ba kada ya damu. Masaukin bayan gari ya fi sauƙi, jiragen ƙasa kuma suna kai mutum ko'ina cikin rabin sa'a ko abin da ya fi kaɗan.

ABINCI

Tun daga gida a sani: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su. Kilishi, da dambun nama, da man shanu, duk za a ƙwace su a filin jirgi. Mu garin rogo muka ɗauka, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da busasshiyar kuka. Garin nan da ƙuli-ƙuli sun fisshe mu kunya ba sau ɗaya ba.

Sun fara fisshe mu ne ranar Lahadin farko. Da yammacin Asabar muka sauka, muka ce gobe bayan sujada ma yi cefane. Ashe a Jamus doka ta sa kantuna su rufe ranar Lahadi. Sai 'yan kantunan tashar jirgin ƙasa da gidajen mai suke buɗe, kayansu kuma sun fi tsada. Tun daga ranar muka koyi yin sayayyar Lahadi ran Asabar.

Mun yanka wa kanmu yuro 25 a rana don abincinmu mu biyu. A gidan abinci wannan ba zai wuce faranti biyu ba, amma a kantuna masu rahusa irin su Aldi da Lidl da Penny yana isa burodi da ƙwai da kifin gwangwani da tumatir da 'ya'yan itace, har a yi canji. Mukan ci karin kumallo sosai a masauki, mu haɗa na rana mu sa a jaka, mu zauna a lambu mu ci. A titin Steindamm, dab da babbar tashar jirgin ƙasa, akwai kantunan Turkawa da Larabawa da 'yan Afirka. A can ake samun shinkafa da attaruhu da naman halal, da abincin da aka dafa mai ɗan sauƙi.

Ga waɗansu ƙananan abubuwa da suke cin kuɗi ba a sani ba. Ruwan famfo a Jamus tsabtatacce ne, ana sha. Gora ɗaya muka riƙa cikawa. Ranar farko da muka sayi ruwan kwalba, muka buɗe muka ji yana tsartuwa kamar lemo, domin Jamusawa da yawa irin wannan suke so. Yawancin gorunan roba da gwangwanayen lemo akwai santi 25 na jingina a kansu. In ka mayar da su cikin na'urar da take ƙofar kanti, sai ta ba ka takardar kuɗinka. Kwana biyu muka yi muna zubar da kuɗi a kwandon shara kafin mu gane. Jakar zuba kaya ma saye ake yi, sai a tafi da ta gida. Bayan gida a tashoshi kuwa sai an biya, wani wuri har yuro ɗaya.

ZIRGA-ZIRGA

Taksi ba na mai ɗan guzuri ba ne. Daga filin jirgin sama akwai jirgin ƙasa mai lamba S1 da yake kai mutum babbar tasha cikin kamar minti 25. A Hamburg tikiti ɗaya yana aiki a jirgin ƙasa, da na ƙarƙashin ƙasa, da bas, har da jiragen fito na kogi.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ba ƙofa ba mai gadi. Kowa yana shiga abinsa. Amma masu duba tikiti suna shigowa ba zato, wanda aka kama ba shi da shi tararsa yuro 60. "Ni baƙo ne" ba ta fid da kowa. Tara ɗaya ta fi abincinmu na kwana biyu.

Mu mun yi amfani da tikitin wata da ake kira Deutschlandticket. An fara shi a watan Mayun 2023 a kan yuro 49, ya zama 58 a Janairun 2025, ya kuma zama 63 a Janairun 2026. Da shi mutum yana hawa dukan motoci da jiragen cikin gari da ƙananan jiragen ƙasa na tsakanin garuruwa a duk faɗin Jamus, ban da manyan jirage masu sauri. Amma a yi hattara da abu biyu. Yana bin watan kalanda ne, daga 1 ga wata zuwa ƙarshensa. Sa'an nan rajista ce mai sabunta kanta. In ba a soke ta kafin 10 ga wata ba, sai a ci gaba da cire kuɗin watan gaba. Mai gayyatarmu ce ta taimaka mana muka yi rajista muka kuma soke a kan lokaci. Wanda kwana uku ko huɗu kaɗai zai yi, tikitin yini na rukuni ya fi masa.

Da wannan tikiti muka je Lübeck, tsohon garin fatake mai ƙofar gari irin ta da, tafiyar kamar minti 45, muka dawo ran nan ba ƙarin ko santi.

A kan titi kuma akwai ladabi. Ba a tsallakawa in fitila ta nuna ja, ko da babu mota. Akwai layin masu keke a gefen hanyar masu ƙafa, wanda ya tsaya a kai zai sha ƙararrawa. In ka shiga kanti ka ce "Moin", gaisuwar mutanen arewacin Jamus ke nan, safe ko yamma.

ABUBUWAN DA AKE GANI BA DA KUƊI BA

Mafi yawan abin da ya burge mu a Hamburg kyauta ne. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, saboda haka yini yana da tsawo. Sai dai a riƙe laima da rigar sanyi, domin ruwa yana saukowa ba sallama.

Masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi mai yawa su zaga tashar jiragen ruwa. Mu kuwa jirgin fito mai lamba 62 muka hau daga Landungsbrücken zuwa Finkenwerder da tikitinmu na wata, muka ga jiragen dakon kaya waɗanda tsawon kowannensu ya fi filin ƙwallonmu sau uku. A nan bakin ruwa akwai tsohuwar hanyar ƙarƙashin kogi da aka buɗe a 1911, tsawonta mita 426. Muka sauka, muka taka da ƙafa, kogin Elbe yana gudana a bisa kanmu, muka ɓulla ɗaya gaɓar.

Mun zaga Speicherstadt, unguwar manyan rumbuna na jan bulo da aka gina a kan turakun itace cikin ruwa, inda aka daɗe ana ajiye gahawa da koko da kayan yaji da darduma. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. A gefenta ne babban gidan kiɗan nan Elbphilharmonie yake, wanda aka buɗe a 2017 a bisa wani tsohon rumbu.

A majami'ar Mika'ilu, wadda suke kira Michel, hasumiyar ta kai mita 132. Hawa sama sai an biya, amma kowace rana da ƙarfe 12 akan yi gajeriyar addu'a da kiɗan molon iska, kowa yana iya shiga ya zauna. Ba nisa da nan akwai kangon majami'ar Nikolai. An bar ta haka da gangan don tunawa da watan Yulin 1943, sa'ad da ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙone birnin, mutum fiye da 30,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki. Mun daɗe a tsaye a wurin. Mu da muka fito daga yankin da ƙauyuka suke watsewa saboda 'yan bindiga, ganin garin da ya zama toka ya sake ginuwa ya ba mu abin tunani.

Ranar Lahadi ta biyu muka yi sammako zuwa kasuwar kifi, wadda take ci tun 1703. A lokacin zafi tana farawa da ƙarfe 5 na asuba, ta tashi da 9 da rabi. Dab da tashi masu kaya sukan karya farashi suna kirari da ihu, sai ka ce kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Muka sayi kwandon 'ya'yan itace da ya kai mu kwana uku, muka kuma sami sujada. Da dare kuwa a lambun Planten un Blomen akan yi wasan ruwa da fitilu da kiɗa, mutane suna zaune a ciyawa suna kallo, ba a karɓar komai.

Ba mu manta da abin da ya kawo mu ba. Kusa da jami'a akwai titin da aka sa wa sunan Heinrich Barth. Titi ne kamar kowane, gidaje da kekuna, amma mun tsaya a ƙarƙashin allon sunan muka ɗauki hoto domin 'yan ajin tarihi. A wannan jami'a an daɗe ana koyar da Hausa, kamar yadda gidan rediyon Deutsche Welle yake watsa shirye-shiryen Hausa tun 1963. Wuri ɗaya tak muka biya kuɗin shiga, gidan kayan tarihi na MARKK da yake unguwar, inda akwai kayayyakin Afirka da yawa. A 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Nijeriya mallakar tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, wannan gida kuma yana cikin waɗanda abin ya shafa. A tuna yawancin irin waɗannan gidaje ba sa buɗewa ran Litinin.

ALJIHU ƊAYA, MUTUM BIYU

Tafiyar ma'aurata tana da sauƙinta. Ɗaki ɗaya ne, cefane ɗaya ne, in ɗaya ya shiga tambaya ɗaya yana tsaron kaya. Amma tana da gwajinta, gwajin kuwa kuɗi ne.

Tsarin da muka bi shi ne, muka raba kuɗin zama cikin ambulan goma, kowace rana da tata. Uwargida ce take riƙe su, maigida kuma yana rubuta abin da aka kashe kowane dare a ɗan littafi. Abin da ya ragu yau yana shiga ambulan gobe, amma ba a taɓa ta gobe yau. Akwai kuma ambulan ta goma sha ɗaya, ta ko-ta-kwana, wadda muka yi alkawari ba mai buɗe ta sai da yardar ɗaya.

Duk da haka sai da muka saɓa, a rana ta bakwai, a kan tsaraba. Uwargida ta fito da jerin suna talatin da huɗu: iyaye, surukai, maƙwabta, matan zumunta. Maigida kuma ya ga wani littafin taswira a kanti, ransa ya biya. "Maigida," in ji ta, "da wane ido za mu shiga gari hannu rabbana? Taswira za ka raba musu?" Shi kuma ya ce, "Uwargida, in muka bi wannan jeri, da bashi za mu fara zangon karatu." Muka yi shiru har muka kai masauki. Da dare muka buɗe littafin lissafi tare. Muka ga abin da ya ragu daga ambulan bakwai ya isa a sayi cakulan da ganyen shayi da sabulu a kanti mai rahusa, kowa ya sami ɗan abu. Iyaye huɗu kaɗai muka saya wa abu na musamman. Littafin taswira kuwa muka sami irinsa a kantin tsofaffin littattafai da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Yanzu yana ɗakin karatun makaranta. Ambulan ta goma sha ɗaya a rufe ta dawo gida.

Shawararmu ga ma'aurata ita ce, a yi maganar tsaraba tun a gida, a yanka mata kuɗinta, a rubuta. Abin da ba a tattauna a ɗaki ba, a kasuwa zai tashi.

KALMA GA ƊALIBAI

Mun san da yawa daga cikinku suna mafarkin Turai. Mafarki ba laifi ba ne, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma hanyar da Barth ya biyo ta Agadas, da wadda Dorugu ya bi zuwa Tarabulus, su ne matasan Afirka ta Yamma suke bi a yau a bayan a-kori-kura. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙidaya mutum fiye da 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a tekun Bahar Rum tun daga 2014, ban da waɗanda hamada ta binne. A kewayen babbar tashar Hamburg mun ga samari irin ƙannenmu waɗanda suka tsira daga ruwa, amma ba takarda, ba aiki, ba kuma fuskar komawa gida.

Tsohuwar ɗalibarmu ba haka ta je ba. Ta gama karatun jinya, ta koyi Jamusanci, ta ci jarrabawarsa, ta tafi da takardar aiki a hannu. A ajin da kuke zaune ta zauna. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu kwana goma muka nema, kwana goma muka yi, muka dawo ranar da muka ce. Wannan hatimin fita da yake cikin fasfonmu shi ne zai sauƙaƙa mana neman biza nan gaba, ya kuma kare mutuncin wadda ta tsaya mana. Muna godiya gare ta, da hukumar makaranta da ta ba mu takardar izini, da maƙwabtan da suka kula mana da gida da yara. Littafin lissafinmu yana nan. Duk wanda yake shirin irin wannan tafiya ya zo mu duba tare.